Mai girkin da ta dafa mana jambalaya a bikin Yaya, ga yadda ta kaya

Tun da aka watse daga bikin Yayanmu mutane ke ta kirana a waya, wai wace ce ta yi girkin walimar maza, wai shinkafar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa meye sunanta, wasu kuma gulma ce kawai ke cinsu so suke su ji ko da gaske ne tukunya ɗaya ta ƙone. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Sunan matar kam ba zan saka ba, saboda akwai inda zan yaba mata sosai akwai kuma inda zan yi ƙorafi, kuma baiwar Allah ce mai neman halalinta. Hajiya kawai zan riƙa ce mata. A Sabon Garin Zariya take, ta daɗe tana girkin biki da suna da na taro, tana da yaranta masu aiki da tukwanenta da komai.

Yadda abun ya samo asali shi ne, Yaya ya yi shekara biyar a Amurka, a wani gari da ake ce wa Baton Ruj, babban birnin jihar Luwiziyana, can ya yi digirin digirgir ɗinsa a fannin noma. Da ya dawo aka sa ranar aure, ana zaune a falon Umma ana lissafin abinci, ana cewa dafa-duka buhu kaza, alkubus, waina, funkaso, sai kawai ya ce shi duk abun da za a yi wa mata a cikin gida ba ruwansa amma walimar maza ta fili jambalaya yake so. Umma ta ce jamba me? Kawunmu da ke gefe yana jan carbi ya ɗago ya ce "jan bala'i dai, kai yanzu ranar aurenka ka rasa abun da za ka ciyar da mutane sai jan bala'i?" Wallahi har aka gama bikin nan sunan da dangi suka riƙe kenan.

Da yake ni ce ƙanwar da ake ganin ta iya girki kuma ina ɗan taɓa sana'ar zoɓo da kunun aya, sai aka ɗora min nemo mai dafawa. Dole na zauna Yaya ya yi min lacca, kuma kun san malamin jami'a in ya samu ɗalibi ɗaya. Jambalaya dai shinkafa ce da ake dafawa a tukunya ɗaya da nama da kayan lambu da romo, kaman dai dafa-dukarmu, kuma kala biyu ce. Akwai ta mutanen Kiriyol ta wajen birnin Niyu Olins, ita ana sa mata tumatir shi ya sa take ja. Akwai kuma ta mutanen Kejun na ƙauyuka, jikokin masu jin Faransanci da Ingilishi suka koro daga gabashin Kanada tun 1755, ita ba ta da tumatir ko ɗigo, launinta daga suyar nama yake fitowa. Wannan ta biyun Yaya yake so. Ya ce a can ita ce abincin taro, ranar wasan ƙwallo, taron siyasa, neman gudummawa, ko'ina za ka ga ƙatuwar tukunyar baƙin ƙarfe a fili ana juya ta da wani abu kaman filafilin kwale-kwale. Har wani gari ne da su tsakanin Baton Ruj da Niyu Olins, Gonzalis, da ke kiran kansa hedikwatar jambalaya ta duniya, tun 1968 suke bikinta ana gasar dafawa a kan itace. Ni dai da na ji an ce itace da ƙatuwar tukunya da fili sai hankalina ya kwanta, na ce Yaya ai wannan aikin namu ne, duk Asabar ɗin duniya shi ake yi a Zariya. Ya ce ai ma ba ki sani ba, yawancin bayin da Faransawa suka fara kaiwa Luwiziyana daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su, mutanen da suka san shinkafa tun kaka da kakanni, can inda jallof ta samo sunanta. Na ce toh ashe ƙanwar jallof ce ta je yawon duniya ta dawo da sabon suna.

Masu girki huɗu na je wurinsu. Uku daga ciki ina nuna musu bidiyon a waya ko minti ɗaya ba su kalla ba suka ce haba ai jallof ce, mun yi ta fi sau dubu, kawo kafin alƙalami kawai. Ɗaya ma cewa ta yi ita har ta Indiya da ta Chana tana yi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Hajiya ce kaɗai ta karɓi wayar ta kalli bidiyon har ƙarshe ta maimaita, sannan ta ce "ƙanwata gaskiya ban taɓa dafa wannan ba, amma na gane me suke yi, ku ba ni sati biyu in gwada a ƙaramar tukunya, in bai yi ba ku nemi wata ba komai." Wannan maganar ce ta sa na ɗauke ta, ba wani abu ba. Daga baya take ba ni labari mahaifinta marigayi kuku ne, ya yi aiki a gidajen Turawan jami'a a Samaru, wurinsa ta koyi cewa girki da awo ake yinsa ba da na-ga-dama ba.

Gwajin farko bai yi ba. Hannu ya saba, ta zuba kori da ɗan tumatirin gwangwani wai dan ta yi kyan gani, Yaya ya ci cokali biyu ya ce Hajiya wannan jallof ce mai daɗi amma jallof ce. Ba ta yi fushi ba, kuma kuɗin gwajin ba ta caje mu ba, kayan kawai muka saya. Gwaji na biyu ne Yaya ya ci ya yi shiru, ya ƙara ci, ya ce saura hayaƙi.

Toh maganar hayaƙin nan ita ce inda matar nan ta burge ni fiye da komai. A can Luwiziyana abun da ke ba jambalaya ƙamshinta wani sosej ne da ake ce wa anduyi, kyafaffe, mai tafarnuwa da yaji, kuma na naman alade ne, kenan mu babu mu babu shi. Sosej ɗin kanti na cikin firiza kuwa fulawa ta yi masa yawa, yana shiga tukunya zai narke, ga tsada, ga shi ba ka da tabbacin yankan. Sai Hajiya ta je kasuwar Tudun Wada wurin mahaucinta, aka ware mata naman sa mai kitse-kitse, ba ta niƙa shi luƙwi ba, sara shi aka yi ƙanana-ƙanana, ta cakuɗa da tafarnuwa da masoro da barkono da gishiri da tayim, aka ɗura a hanjin da aka wanke tas aka juye shi aka sake wankewa, sannan ta kai wa wani mai tsire ya kyafe mata a kan waya da wuta can ƙasa-ƙasa dare guda cur. Ranar da ta aiko min da guntu a leda in ɗanɗana, kafin ya isa hannun Yaya na cinye rabi a cikin Keke Napep. In da za ta buɗe shagon wannan abun kaɗai wallahi da ta daina wahalar biki.

Kayan lambun jambalaya uku ne da ba a tsallakewa, albasa da koren tattasai da seleri, wani ganye mai dogon kara da ƙamshi. Albasa da tattasai ai gida ne, kwando-kwando muka sayo. Seleri ne wahala, a Sabon Gari sai dai ka samu ɗan ƙulli biyu uku wurin masu kayan salak, sai daga Jos ta yi oda direba ya kawo, kuma ya kwana a hanya, rabinsa ya iso a yaushe. Ta jiƙa shi a ruwan sanyi ya ɗan farfaɗo, amma gaskiya bai kai yadda aka so ba, kuma kuɗinsa da na mota ya ba ni haushi, tunda a cikin mutum ɗari bakwai ban jin akwai biyar da za su gane akwai shi ko babu. Yaya ne dai ya kafe.

Shinkafa kuwa mun ɗan yi gardama. Umma ta so a sa 'yar Hausa tunda akwai buhunan da aka kawo mana gudummawa, Hajiya ta ce a'a, tsintar tsakuwar buhu biyu kaɗai aikin kwana biyu ne kuma ba kai ɗaya take nuna ba. Yaya ya ce a can ma 'yan gargajiya ba sa son turararriyar shinkafa, sun fi son fara doguwa da ba a turara ba, Hajiya ta ce su a can tukunya ɗaya suke tsarewa, ita biyar za ta tsare, turararriya ta kamfani za ta sa dan ita ce ba ta saurin caɓewa. Ita ta yi nasara kuma daga baya na ga gaskiyarta. Buhu biyu masu kilo 50 aka saya, aka raba tukunya biyar, kilo 20 kowacce. Abun da ya girgiza Umma shi ne nama, dan ƙa'idar abun nauyin nama ya kamo nauyin shinkafa ko ma ya fi, ba irin dafa-dukar bikinmu ba da ake ɗora maka yanka ɗaya a sama kaman an yi maka alfarma. Kaji, naman sa, ga sosej ɗin nan. Duk wanda zai yi oda ya san da wannan tun wuri, ba kuɗin aikin Hajiya ne zai karya ka ba, mahauci ne.

Ranar Asabar ɗin, ɗaurin aure ƙarfe 11 a cikin birni, walima kuma a filin wata firamare a Tudun Wada, an kafa kanofi an jera kujerun roba tun daren Juma'a. Mun yi da ita za ta iso ana idar da sallar Asuba. Ni da ƙannena biyu muna bayan azuzuwa tun da duhu, cikin hunturun nan na Disamba, iska na kaɗawa leɓe na fashewa, shiru shiru, wayarta na shiga ba a ɗauka. Sai bakwai saura ta iso, wai a-kori-kurar da ta ɗauko tukwanen ce ta mace a Kwangila. Mota na mutuwa, wannan ba laifin kowa ba ne, amma rashin ɗaga waya fa? Awa ɗaya da wani abu ina tsaye cikina na ƙugi ina tunanin me zan ce wa Umma. Ko "muna hanya" ɗin ƙarya ai da ta sanyaya min rai. Wannan shi ne ƙorafina na farko.

Amma da aka sauke kaya sai na ga aiki. Yaranta shida, mata huɗu maza biyu, ba wanda ya tsaya tambayar me zan yi. Komai an yanka shi tun jiya yana cikin baho an rufe, romon ƙashi da na kaji an tafasa shi an tace yana cikin jarkoki. Nan da nan aka jera duwatsun murhu biyar, aka hura wuta, aka ɗora tukwanen dalma.

Suyar naman ce na tsaya na kalla da kyau dan nan sirrin yake. Mai kaɗan ta zuba, ta fara da sosej har ya saki kitsensa ya yi ja ta kwashe, sannan naman sa, kuma ba ta juye shi gaba ɗaya ba, kashi-kashi take sawa ta bar shi ya kama gindin tukunya, ba ta taɓa shi sai ya yi duhu. Ni da na saba in na ga abu ya fara kamawa in yi maza in zuba ruwa, hannuna har ƙaiƙayi yake, na ce Hajiya zai ƙone fa. Ta ce "ƙanwata bar shi, baƙi ne ba ma so, amma wannan ja-ja ɗin da kike gani shi ne tumatirinmu shi ne korinmu." Can gindin tukunyar ya yi wani dafe mai launin ƙasa mai danƙo, sai ta kwashe naman ta juye albasa baho guda, tukunyar ta yi caaa, ruwan albasar ya fara ɗago dafen nan, wani yaronta ya sa wata ƙatuwar muciya mai faɗin baki da Hajiya ta sa kafinta ya sassaƙa mata musamman, yana kankarewa yana juyawa, albasar da ta shiga fara fat ta koma kalar zuma sannan ta koma kalar dabino. Ya fi minti talatin ana wannan kaɗai. In ta ga zai wuce gona da iri sai ta yayyafa romo rabin kofi ya huce a ci gaba. Sai tattasai da seleri da tafarnuwa, sai a mayar da nama, ganyen bay, tayim, barkono, ɗan attaruhu da ta ƙara dan bakinmu, magi, gishiri. Ƙamshin da ya tashi a filin nan har masu gadin makarantar sai da suka zagayo.

Romo da awo ta zuba, jarka biyu ta lita 20 saura kaɗan a kowace tukunya, ta ce babbar tukunya ba ta shan ruwa kaman ƙarama saboda tururin da ke fita bai kai ba, wanda ya ninka awon gidansa kai tsaye kunu zai kwasa. Ta ɗanɗana romon ta miƙo min, na ce gishiri ya ɗan yi yawa, ta ce haka ake so, kilo 20 na shinkafa zai shanye. Yana tafasa aka zuba shinkafa, ana juyawa a hankali har ruwan ya ja baya shinkafar ta fara leƙowa sama, sai ta sa aka janye itacen kaf aka bar garwashi, aka shimfiɗa takardar foyil aka kifa murfi aka ɗora dutse. Ta duba agogon wayarta ta ɗaga murya kowa ya ji, ta ce minti 25 ko Sarkin Zazzau ne ya zo kar a buɗe.

Sarki bai zo ba amma Gwaggo ta zo. Yayar Babanmu ce, shekara arba'in ita ke tsayawa kan tukunyar duk wani biki na gidanmu, kuma tun farko ba ta ji daɗin an ɗauko bare ba. Hajiya ta zagaya wurin tukunya ta biyar, ni kuma an kira ni a waya kan maganar fiya wata, ina juyowa na hango Gwaggo ta ture dutsen tukunya ta uku ta ɗage murfi, wai ita ba ta taɓa ganin an bar shinkafa ba a duba ta ba, ta ga sama-sama da ɗan tsatstsauri, ta kamfato ruwan sanyi a roba ta antaya ta kama muciya ta hau tuƙi kaman tuwo. Na ruga ina Gwaggo dan Allah Gwaggo dan Annabi, ta ce "ke 'yar nan rufe min baki, na yi girkin auren uwarki, hannu da yawa ai maganin ƙazamar miya." Na zaci Hajiya za ta yi faɗa. Ta zo ta leƙa, ta ɗan runtse ido, sai ta rusuna ta ce "sannu da ƙoƙari Mama, Allah ya ƙara girma, dan Allah ki zo ki duba min gishirin naman can, bakinku ya fi namu." Ta janye ta da dabara ta ba ta kujera da faranti, ta dawo ta mayar da murfi. Tukunyar dai ta ɗan caɓe, ta yi laushi kaman za a yi fate, amma ta ciwu, kuma wannan ba zan ɗora mata ba, namu ne.

Wanda zan ɗora mata shi ne tukunya ta biyar. Kwanon rufin da ta zo da shi na tare iska murhu uku kawai ya isa, an raba an lallaɓa ya kai huɗu, na biyar yana can ƙarshe a buɗe iskar hunturu na kora wutar gefe ɗaya. Kuma tukunyar ba irin sauran ba ce, aro ta yi, gindinta siriri. Tun ana suya na ga gefe ɗaya na yin baƙi na faɗa, aka ce za a kula. Da aka buɗe ƙauri ne ya fara yi mana sallama. Mace mai shekaru a sana'a ta san watan da muke ciki, ta san fili ne, ta san tukunya biyar za ta ɗora, kwano biyu ƙari nawa yake? Ta dai yi abun da ya dace, ba ta kankaro ƙasan ba, ta kwashe na sama a hankali aka juye a kula, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi a ƙanzo baƙi ƙirin, kuma wanda aka tsira da shi ma mai hanci zai ji.

Sauran ukun kuwa, tab. Da aka ɗage murfi ba tuƙawa ta yi ba, muciyar take zurawa ta gefen tukunya ta ɗago na ƙasa ya dawo sama, sau huɗu ko biyar, ta mayar da murfi na minti goma. Shinkafar ta fito wara-wara amma da danshi, kowace ƙwaya ta sha romo ta yi launin ƙasa har ciki, duk cokalin da ka ɗiba sai ka haɗu da nama ko sosej, kajin sun saki jiki sun bi shinkafar. Ba ta da zaƙi-zaƙin nan na tumatir, ɗanɗanon nama ne da hayaƙi, yajin kuma ba ya dukan harshe nan take sai ka haɗiye yake tasowa a maƙoshi. Ba ta da maiƙon da ke bin hannu irin na jallof ɗin biki. Yaya da ya zagayo da babbar rigarsa da abokansa na ja masa hannu, a tsaye ya ci a murfin kula, ya ce Hajiya ko a Gonzalis ba za ki ji kunya ba. Ƙila santi ne da farin cikin ango, ni dai ban je ba balle in ce.

Makarar safe ta biyo mu har rana. Mutane sun fara cika fili sha biyu saura, abinci bai fara fita ba sai wajen ɗaya saura kwata, ana ta raba zoɓo da ruwa ana ba mutane haƙuri, maroƙi ya ƙare kirarin da ya sani ya koma farko. Kuma mun yi lissafin mutum 700, toh kun san walimar fili a Zariya ba kati ake dubawa ba, abokan Yaya na jami'a, mutanen Babanmu na kasuwa, dangin amarya daga cikin birni mota-mota, 'yan unguwa, 'yan acaba da suka kawo mutane suka ga hayaƙi suka faka, almajirai kuwa ba a magana. Ƙarancin lissafi namu ne. Amma robar tekawe 500 kacal ta kawo alhali 700 muka biya, wai sauran suna cikin motar da za ta dawo, motar da har yau ba ta dawo ba. Kuma yara shida da suka kwana yanka suka wuni gaban wuta su ne kuma masu rabo, sun gaji liƙis, layin baya har sun fara tashi tsaye ana ɗaga hannu. Sai da samarin gidanmu suka tuɓe manyan riguna suka shiga, aka aiko da manyan tire daga cikin gida da maƙwabta aka koma zubawa mutum huɗu-huɗu biyar-biyar. Abun mamaki ma hakan ya fi tafiya da sauri kuma ya fi auki, da na sani da tun farko haka muka tsara muka huta da kuɗin roba.

Kafin dattawa su sa hannu sai da Kawu ya aiko a kira ni, ya rage murya ya ce "ke, wannan jan-jan abun mai kama da hanji, kin tabbata dai ba abun nan ba ne na mutanen can?" Na ce Kawu sa ne, a Tudun Wada aka yanka, na san mahaucin. Ya ce toh bismillah. Bayan an yi Azahar na hango shi ya sa wani jikansa ya zagayo da kwano wai a zuba masa jan bala'in nan zai kai wa iyali. Abokan Yaya Kanawa kuwa ba su fasa tsiyarsu ba, wai Zage-zagi an samu dafa-duka ta ƙone an sa mata sunan Turanci, amma tirensu har ƙyalli yake da aka ɗauko. Akwai dai waɗanda gaskiya ba ta yi musu ba, musamman mata da aka shigar wa da kula ɗaya cikin gida, wasu suka ce ba ta da ja ba ta yi kama da abincin biki ba, wata Antinmu ta ce a kawo mata miya. Wanda zai yi wannan oda ya haɗa da jallof ko da tukunya ɗaya ce saboda irin su.

Abu ɗaya da ta yi da na ji daɗi, wajen La'asar ta ga kula biyu da ƙannena suka ɓoye a aji wai na dare, ta ce a fito da su yanzu, ko a rabar ko a baje a tire ta huce a sa a firiza, shinkafa mai nama in ta wuni a rufe da ɗumi-ɗumi ita ce ke kwantar da gida guda da gudawa, kuma sunanta za a kira ba na wanda ya ɓoye ba. Aka rabar wa almajirai.

Maganar kuɗi, aikinta ya fi na masu dafa-duka tsada, kusan ninki ɗaya da rabi na abun da sauran ukun suka faɗa min, kuma ban ga laifinta ba in aka duba gwaji biyu da sosej da yankan dare. Kashi 70 muka tura mata kafin biki. Inda muka samu saɓani shi ne washegari da ta turo lissafin ciko sai na ga an ƙara kuɗin itace da na a-kori-kura ta biyu, abun da ba mu yi da ita ba, ni a sanina duk yana ciki. Na kira ta na ce Hajiya ya haka, ga tekawe 200 da ba mu gani ba, ga tukunya da ta ƙone ban ce komai ba. Ta ɗan yi shiru ta ce gaskiya ne, a cire na robar a cire na motar, itacen dai iska ta ci shi fiye da lissafi a taimaka a raba biyu. Muka rabu a haka ba tare da an ɗaga murya ba. Laifina ne da ban sa an rubuta komai a takarda ba, da baki muka yi da ɗan saƙon WhatsApp. Wurin girkin ma sun share sun kwashe toka, amma ƙanzon tukunya ta biyar a bayan aji suka juye shi, sai da hedimasta ya yi wa Babanmu magana ranar Litinin muka tura yara.

Masu tambayata ko in ba su lambarta, eh zan bayar, kuma in bikin ƙanina ya zo ita zan kira, amma da sharaɗi. A rubuta komai har itace da mota da roba. Ta kawo tukwanenta wurin tun daren jajibiri ko da za mu biya mai gadi. Kar ta wuce tukunya huɗu nata na kanta, in jama'a sun fi haka a yi zubi biyu. Masu rabo daban masu girki daban. In taron bai kai mutum 200 ba ma ina ganin babu abun da zai same ku sai daɗi, matsalolin nan duk na yawa ne. Kuma a samu wanda zai zauna da Gwaggon gidanku ya yi ta ba ta labari har a sauke.

Har yanzu dai kulolinmu biyu manya masu ruwan bula suna wurinta, sun bi kayanta a cikin rububin kwashewa, ta ce yaronta zai kawo ranar Laraba, Larabar nan ta uku kenan. Umma ta ce in na je karɓowa in tambaye ta ko za ta yi mana sosej ɗin nan kilo biyar kafin azumi.